RA'AYIN JARIDA: Ilimi a kanta, kaya daga waje: Gadar da ta yanke tsakanin bincike da masana'antu a Najeriya

A jadawalin ƙasashen da suka fi ƙwazo wajen ƙirƙirar sababbin fasahohi, wanda hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke fitarwa kowace shekara, Najeriya ta zo ta 113 cikin ƙasashe 133 a shekarar 2024. Duk lokacin da irin wannan sakamako ya fito, bayanin da ake bayarwa ɗaya ne, wato ƙasar ba ta kashe kuɗi a kan binciken kimiyya. Maganar kuwa gaskiya ce. Tun a 1980, a taron da suka yi a Legas, shugabannin Afirka suka amince kowace ƙasa ta riƙa ware kashi 1 cikin 100 na arzikin da take samarwa a shekara domin bincike, aka kuma sabunta alƙawarin a birnin Khartoum a 2006. Alƙaluman da ake da su sun nuna Najeriya ba ta kai ko rabin wannan adadi ba, alhali Koriya ta Kudu na kashe kusan kashi 5.

Sai dai wannan bayani bai warware zare da abawa ba. Da a gobe za a ninka kuɗin bincike sau biyar, a kuma bar sauran al'amura yadda suke, babban abin da zai ƙaru shi ne maƙaloli a mujallun ilimi da kundayen digiri da ƙura ke rufewa a kan kanta. Ƙarfin binciken ƙasa ba ya rikiɗa da kansa ya zama magani a asibiti, ko iri a gona, ko inji a masana'anta. Tsakanin ɗakin gwaji da kasuwa akwai tafiya mai nisa, wadda ke buƙatar jari mai haƙuri, da masana'antar da za ta ƙera abin, da dokar da za ta kare mai shi, da mai saye na farko da zai amince da shi. Wannan jarida na ganin a nan ne gadar Najeriya ta yanke, kuma muddin ba a gyara ta ba, duk abin da aka zuba a tsallaken bincike zai tsaya can.

Darasin Niprisan

Babu misalin da ya fi fito da wannan matsala fili kamar labarin Niprisan, maganin ciwon sikila. Najeriya ce ƙasar da ta fi kowace yawan masu wannan ciwo a duniya, inda ake ƙiyasin ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da shi a kowace shekara. A shekarun 1990, cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Idu a Abuja, wato NIPRD, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Charles Wambebe, ta karɓi wani haɗin gargajiya daga hannun Rabaran Paul Ogunyale, ta ɗora shi a kan ma'aunin kimiyya. Haɗin bai wuce abubuwan da kowace kasuwa ta sani ba: masoro, da kanumfari, da karan dafi, da wani itace ɗan gidan madobiya. Masanan cibiyar suka daidaita yadda ake sarrafa shi, suka gwada shi a kan dabbobi, sannan a kan majinyata. A 1998 aka samu takardar mallakarsa a Amurka, a 2001 kuma aka wallafa sakamakon gwajin da ya nuna yana rage yawan tashin ciwon. A wannan mataki, kimiyya ta sauke nauyin da ke kanta.

Abin da ya biyo baya shi ne abin takaici. A 2002 aka ba kamfanin Xechem na Amurka lasisin sarrafa maganin shi kaɗai. A watan Yuli na 2006 Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shi da sunan Nicosan, iyaye suka fara sa rai. Shekara biyu kacal bayan nan, a 2008, uwar kamfanin ta durƙushe a Amurka, a 2009 gwamnati ta janye lasisin, maganin ya ɓace daga shaguna. Sai a 2018 aka ƙulla sabuwar yarjejeniya da kamfanin May & Baker, wanda daga baya ya fitar da shi da sunan Niclovix. A tsawon waɗannan shekaru ilimin yana nan, tsirran suna nan, majinyatan ma suna nan suna ƙaruwa. Abin da aka rasa shi ne kamfani mai ƙarfin jari, da tsarin noman kayan haɗin, da gwamnatin da za ta ce ta ɗauki alhakin sayen maganin ga asibitocinta.

Yana da kyau a ajiye wannan labari kusa da na wani maganin da shi ma daga tsiro ya fito. A 1967 ƙasar Sin ta haɗa masana fiye da 500 a kan aiki guda, wato neman sabon maganin zazzaɓin cizon sauro. A farkon shekarun 1970 ayarin da Tu Youyou ke jagoranta ya tace sinadarin atemisinin daga wani tsiro ɗan gidan tazargade, bayan ya samu haske daga tsofaffin littattafan likitancin ƙasar. Amma wannan ganowa ba ta ceci ran yaro ko ɗaya a Afirka ba sai da aka ƙara shekaru masu yawa ana aiki: masanan Sin suka haɗa sinadarin da wani, aka shiga yarjejeniya da kamfanin da ya zama Novartis a shekarun 1990, aka samar da Coartem, a 2001 kuma kamfanin ya amince ya riƙa sayar wa Hukumar Lafiya ta Duniya ba tare da riba ba. Manoma suka noma tsiron, masana'antu suka tace shi, masu ba da agaji suka saya. Tu Youyou ta karɓi kyautar Nobel a 2015, lokacin da maganin ya riga ya shiga kowane ƙaramin kyamis a Najeriya. Mafarin labaran biyu iri ɗaya ne, bambancinsu yana ga waɗanda suka karɓi kayan daga hannun masana.

Kura da shan bugu

Wannan matsala ba ta ƙasashe matalauta kaɗai ba ce. A Landan Alexander Fleming ya gano fenisilin a 1928, a Jami'ar Oxford kuma Howard Florey da Ernst Chain suka tabbatar yana warkar da cuta. Amma Birtaniya na cikin yaƙi, masana'antunta ba su da sukunin sarrafa shi da yawa. A 1941 Florey ya tsallaka Amurka, inda wani ɗakin binciken ma'aikatar gona a garin Peoria ya gano cewa ruwan da ake zubarwa bayan jiƙa masara yana ninka yawan abin da ake samu, kamfanoni irin su Pfizer kuma suka ƙware wajen dafa shi a manyan tankuna. Kafin tsakiyar 1944 an tanadi miliyoyin allurai ga sojojin ƙawance. Bayan yaƙi, kamfanonin Birtaniya sun riƙa biyan kuɗi domin amfani da dabarun sarrafawa da aka mallaka a Amurka. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Tarayyar Sobiyet ta fi wannan muni. Ita ce ta fara harba tauraron ɗan'adam a 1957, ita ta fara aika mutum sararin samaniya a 1961, kuma masananta na lissafi da fiziya ba su da na biyu. Duk da haka, cibiyoyin bincikenta suna gefe guda, masana'antunta suna wani gefen, kuma manajan masana'anta ba shi da wata riba idan ya karɓi sabuwar dabara, domin abin da ake tambayarsa shi ne ko ya cika adadin da aka yanka masa. A fannin kwamfuta sai da ta koma kwaikwayon na'urorin kamfanin IBM. In ban da makamai da kumbo, kaɗan ne daga cikin iliminta ya isa gidan talaka.

Koriya ta Kudu kuwa ta faro daga ɗaya ƙarshen. A 1966, tana cikin jerin matalautan ƙasashe, ta kafa cibiyar kimiyya da fasaha ta KIST. Shugabanta na farko, Choi Hyung-sup, ya zagaya ƙasashen waje yana zawarcin masana 'yan Koriya da albashin da ya zarce na farfesoshin jami'a, bisa sharaɗin cewa aikinsu shi ne warware matsalolin da masana'antu suka kawo, a kan kwangila. Kamfanin ƙarafa na POSCO, wanda aka kafa a 1968, ya fara da injinan waje da ƙwararrun waje, ya soma narka tama a 1973, a 1986 kuma ya gina jami'arsa ta kimiyya domin ya daina dogara ga ilimin wasu. Samsung ya shiga ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta a 1983 da zanen da ya saya daga Amurka, kafin shekara 10 ya wuce waɗanda suka koya masa. Sai a 2011 ƙasar ta kafa babbar cibiyar binciken kimiyyar tushe, bayan masana'antunta sun kai matakin da babu sauran wanda za su kwaikwaya. A yau kamfanoni ne ke biyan kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin binciken ƙasar. Mai karatu na iya tuna kamfanin ƙarafa na Ajaokuta, wanda aka fara aikinsa a 1979, har yau babban tanderunsa bai narka tama ba.

Abin da waɗannan misalai ke nunawa shi ne dangantakar bincike da ƙirƙira ba hanya ce mai tafiya gaba kawai ba. Wani lokaci bincike ne ke haifar da sana'a, wani lokaci kuma sana'a ce ke kawo tambayar da ke tayar da bincike. Ƙasashen da suka ci gaba su ne waɗanda masani da maƙeri ke zuwa wurin juna a kai a kai, kowa da buƙatarsa.

Ko saye ya wadatar?

Akwai masu ganin cewa tunda haka ne, ƙasar da ke fama da yunwa da rashin tsaro ba ta da dalilin ɓata kuɗi a kan bincike, ta sayo fasahar da wasu suka gama kawai. Wannan ra'ayi yana da masu goyon baya a ma'aikatun da ke raba kasafi, kuma ya cancanci amsa. Amsa ta farko ita ce, saye ma sai da ilimi. Ƙasar da ba ta da masanan da suka san yadda inji ke aiki ba za ta iya tantance na kirki daga na banza ba, ba za ta iya gyara shi in ya lalace ba, balle ta daidaita shi da zafinta da ƙurarta. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Amsa ta biyu ita ce, akwai matsalolin da babu wanda zai bincika wa Najeriya, domin ba su dami masu kuɗin duniya ba. An gano zazzaɓin Lassa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, kuma har yau babu allurar rigakafinsa da aka amince da ita. Tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye tumatirin Kano da Kaduna a 2016, cutar citta ta durƙusar da manoman kudancin Kaduna a 2023. Babu kantin da ake sayen maganin irin waɗannan a shirye.

Burazil ta fahimci haka. A 1973 ta kafa hukumar binciken noma ta Embrapa, ta tura ɗaruruwan matasa karatu mai zurfi a waje, ta dawo da su, ta ɗora musu aiki takamaimai: su mayar da dajin tsakiyar ƙasar, wanda ƙasarsa ke da tsami har ake ganin ba ta nomuwa, ya zama gona. Suka gano adadin farar ƙasa da takin da ake buƙata, suka samar da irin waken suya mai jure yanayin zafi, suka inganta ƙwayoyin halittar da ke sa shukar ta samar wa kanta taki daga iska. A gefe guda gwamnati ta samar da bashin noma da hanyoyi, kamfanonin iri kuma suka kai sakamakon ga manoma. A yau Burazil ce kan gaba a duniya wajen noman waken suya da fitar da shi. Wancan daji ya yi kama da filayen da suka shimfiɗu daga Neja zuwa Taraba, kuma cibiyar binciken noma ta Samaru, wadda aka kafa a 1922, ta girmi Embrapa da shekara 51.

Wasu kuma kan kafa hujja da kamfanonin hada-hadar kuɗi ta intanet da suka bunƙasa a Legas, su ce ga ƙirƙira nan ba tare da ɗakin gwaji ba. Babu mai musun basirar waɗannan matasa. Sayen Paystack da kamfanin Stripe ya yi a 2020 a kan fiye da dala miliyan 200 shaida ce. Amma wayar da manhajojinsu ke gudana a kai, da rumbunan da ke adana bayanansu, da akasarin jarin da ya raine su, duk daga waje suke. Irin wannan ƙirƙira tana sauƙaƙa ciniki, tana samar da aiki, sai dai ba za ta samar da rigakafi ko taki ko batirin adana hasken rana ba. Waɗannan sai da kimiyya mai zurfi da masana'anta mai nauyi.

Inda gadar ta tsaya, da inda ta rushe

Ba a rasa wuraren da abin ya yi kyau a nan gida ba, kuma su ne suka fi cancantar nazari. A ƙarshen shekarun 1980, masana daga Jami'ar Purdue ta Amurka da takwarorinsu na cibiyar binciken noma da ke Marwa a arewacin Kamaru suka tabbatar cewa idan aka ɗaure wake a cikin leda biyu masu kauri, aka saka su a buhu na uku, ƙwarin da ke ciki kan shanye iskar da ta rage su mutu, ba tare da an zuba guba ba. Wannan ilimi ya yi shekaru bai yaɗu sosai ba. Sai daga 2007, da aka samu kuɗin yaɗa shi, aka nemo masana'antar da za ta riƙa yin buhun a Kano, aka shigo da 'yan kasuwar da za su kai shi kasuwannin ƙauye, malaman gona suka riƙa ɗaure wake a gaban jama'a, su dawo bayan watanni a kwance a ga yana nan garau. Yau buhun PICS sananne ne daga Dawanau har Maraɗi. Haka nan Samaru ta fitar da nau'o'in masara da dawa da gyaɗa da wake masu yawa, ciki har da SAMPEA 20-T na 2019, mai jure tsutsar da ke huda kwanson wake, duk da muhawarar da ake yi kan amfanin gonar da aka sauya wa ƙwayar halitta. Cibiyar Vom ta jihar Filato, mai tarihi tun 1924, ta ba da gudummawa wajen yaƙi da bushiya, cutar shanun da aka ayyana kawar da ita daga duniya a 2011. A duk waɗannan wurare akwai mai buƙata da ke jiran sakamakon, akwai kuma hanyar kai masa.

Inda aka rasa wannan, ga abin da ya faru. Daga 1940 zuwa 1991, ɗakin sarrafa rigakafi na tarayya da ke Yaba a Legas ya riƙa samar da alluran agana da na shawara da na cizon mahaukacin kare, har ana aika wa maƙwabta. A 1991 aka rufe shi da sunan gyara, bai sake buɗewa ba. Da annobar korona ta zo, masanan Najeriya ba su ba da kunya ba: a watan Maris na 2020, cibiyar ACEGID ta Jami'ar Redeemer's da ke Ede, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, tare da abokan aikinta, ta zama ta farko a Afirka da ta karanta tsarin halittar ƙwayar cutar. Amma ƙasar ba ta da inda za ta ɗura ko kwalba ɗaya ta rigakafi. Sai a ranar 2 ga Maris, 2021 kashin farko na allurai kusan miliyan 4 ya sauka a Abuja, waɗanda aka ƙirƙira a Oxford, aka sarrafa a Indiya. Senegal kuwa, da ba ta kai Najeriya arziki ba, ta riƙe masana'antar rigakafin shawara ta cibiyar Pasteur da ke Dakar tun shekarun 1930. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Dalilan wannan yankewa ba ɓoyayyu ba ne. Malamin jami'a yana samun ƙarin girma ne da yawan maƙalolin da ya wallafa, saboda haka wanda ya ɓata shekara uku yana gyara wa masu casar shinkafa injinsu zai ga ƙannensa sun wuce shi. Yajin aikin wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022 sun kashe gwaje-gwajen da ba sa jure tsaiko, rashin lantarki kuma na lalata samfuran da aka yi shekaru ana tarawa. Cibiyoyin bincike na tarayya suna warwatse a ƙarƙashin ma'aikatu daban-daban, akasarin kasafinsu na tafiya ne a albashi. A ɗaya tsallaken, masana'antun da ya kamata su kawo tambaya sun yi ƙaranci. Masaƙun Kaduna da Kano da suka rufe sun tafi da kasuwar auduga, sun kuma tafi da dalilin binciken auduga. Manyan kamfanonin da suka rage yawanci rassan na waje ne, ɗakunan bincikensu na can ƙasashensu. Bankuna kuma ba sa ba da bashin shekara 10 ga abin da ba a tabbatar zai yi riba ba. A 2006 gwamnati ta yi shelar kafa asusun kimiyya na dala biliyan 5, bai tabbata ba. An sauya wa ma'aikatar kimiyya suna a 2021, aka sake sauyawa a 2023, kalmar ƙirƙira ta dawo gaba a allon ƙofa, amma hulɗar masani da mai masana'anta tana nan yadda take.

Abin da ya kamata a yi

Da farko, a ƙara kuɗin bincike, a kuma ɗaure wani kaso nasa da matsaloli ƙalilan da ƙasa ta zaɓa, kamar sikila, da Lassa, da asarar amfanin gona bayan girbi, da adana wutar hasken rana. Kowace matsala a ba ta shugaba guda, da wa'adi, da kuɗin da ba ya yankewa da ƙarewar shekarar kasafi. Asusun bincike na TETFund zai iya sharɗanta cewa duk aikin da ya nemi babban tallafi ya zo da abokin tarayya daga masana'antu ko ƙungiyar manoma ko asibiti, wanda shi ma zai sa nasa kuɗin, ko da kaɗan ne. Cibiyoyin Fraunhofer na Jamus da haka suke rayuwa: kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsu ne gwamnati ke bayarwa kai tsaye, sauran sai sun nemo ta hanyar kwangila. Wannan ba ya nufin a yi watsi da kimiyyar tushe, domin daga gare ta ake samun malaman da za su horar da masu warware matsalolin.

Na biyu, Hukumar Kula da Jami'o'i da majalisun jami'o'in su gyara ma'aunin ƙarin girma, ta yadda takardar mallakar fasaha da aka sayar, ko irin da manoma suka karɓa, ko injin da ke aiki a kasuwa, za su yi nauyi daidai da maƙala. A kuma fayyace a doka rabon da mai bincike zai samu daga abin da ya ƙirƙira. Amurka ta yi haka a 1980, lokacin da ta bar wa jami'o'i mallakar abin da suka gano da kuɗin gwamnati, bisa sharaɗin su raba ribar da masanan. Ofisoshin da hukumar NOTAP ta buɗe a jami'o'i domin wannan aiki suna buƙatar lauyoyi da mutanen da suka san kasuwa.

Na uku, gwamnati ta zama mai saye na farko. Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 5 na watan Fabrairun 2018 ya wajabta fifita ƙwararru da fasahar cikin gida a kwangilolin gwamnati. Majalisar Tarayya na da haƙƙin neman rahoton yadda aka aiwatar da shi, ma'aikata bayan ma'aikata. Alƙawarin sayen magani ko rigakafi na shekara biyar, matuƙar ya cika ƙa'idar NAFDAC, ya fi kowace irin lacca jawo mai zuba jari.

Na huɗu, kowace babbar sana'a ta ɗauki nauyin bincikenta. Maleshiya na karɓar ɗan haraji a kan kowane tan na manja, tana zuba shi a hukumar da ke binciken kwakwar manja, masu sana'ar kuma suna da bakin magana a kan abin da za a bincika. Masu fitar da riɗi da citta da zoɓo da fata za su iya yin irin wannan, da sharaɗin kuɗin ba zai bi ta baitulmalin da zai haɗiye shi ba. Gwamnonin jihohi su ma suna da rawar takawa, domin malaman gona a hannunsu suke, kuma irin da ya tsaya a Samaru ko Badeggi bai amfani kowa ba.

Najeriya ba ta rasa masana ba. Asibitoci da jami'o'in Turai da Amurka cike suke da waɗanda aka horar a Zariya da Ibadan da Nsukka, suna ƙirƙira wa wasu ƙasashe abin da aka kasa ba su damar yi a gida. Kowace shekara da ta wuce ba a gyara wannan gada ba, ƙasar na biya sau biyu: ta biya kuɗin horar da masanin, ta kuma biya dala wajen sayo abin da ya ƙera a wani wuri. Lokacin da za a zauna kan kasafin kuɗi na gaba, ya kamata 'yan majalisa su tambayi kowace cibiyar bincike nawa take buƙata, sannan su tambaye ta wane ne ke jiran sakamakon aikinta, kuma ta wace hanya zai isa hannunsa.